Adriaen Brouwer: mashayi ne ya zana mashaya, ko dai sharri aka yi masa?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ranar Asabar ruwan sama ya kora ni da yara cikin gidan adana zane-zane na Städel da ke nan Frankfurt. Ba da niyya muka je ba, mafaka kawai muke nema. A ɗakin tsoffin zanen Holan da Beljiyam na ci karo da wani ɗan hoto a kan katako, tsawonsa bai kai rabin mita ba. Wani mutum ne ya kurɓi magani. Idanu a runtse, baki a wangame, hanci a tattare, 'yar kwalba a hannu ɗaya, ɗan kwano a ɗayan. Ilham na ganinsa ta ce, "Baba, kamar Yaya ranar da Inna ta ba shi ruwan darbejiya." Wallahi sai da na ji ɗacin a maƙogwarona.

Na matsa kusa har mai gadi ya yi gyaran murya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in ka matso sai ka ga rigar mutumin ba komai ba ce illa shafe-shafen buroshi kaɗan, fentin ma siriri ne har kana hango launin ƙasa-ƙasa da aka fara shafa wa katakon. In ka ja baya taku biyu sai ta koma riga. Sunan mai zanen Adriaen Brouwer. Na ɗan bincika da muka koma gida, aka ce wai mashayi ne, ya mutu da bashi yana ɗan shekara 32. Akwai wanda ya san shi a gidan nan? Malama Mai Alli, ina kike?

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Duk shekara sai na nuna wa ɗalibaina wannan hoton idan muka zo darasin zana fuska.

An haife shi wajen 1605 ko 1606 a Oudenaarde, wani gari a yankin Flanders, cikin Beljiyam ta yau. Garin ya yi suna wajen saƙa manyan dardumai masu hotuna da ake ratayawa a bango, kuma aikin mahaifinsa shi ne zana fasalin da masaƙa za su bi. Uban ya rasu cikin talauci yaron bai wuce shekara goma sha shida ba, sai ya kama hanya. A 1625 an ga sunansa a takardu a Amsterdam, a 1626 yana Haarlem. Ya dawo kudu, ƙungiyar masu zane ta Antwerp ta yi masa rajista a matsayin ƙwararre a shekarar 1631 zuwa 1632. Ya rasu a Antwerp a watan Janairu 1638. Ka ga duka-duka aikin bai fi na shekara goma sha uku ba, kuma abin da masana suka yarda nasa ne bai wuce hotuna sittin da 'yan kai ba. Inda aka fi tara su a wuri guda shi ne Munich, a gidan Alte Pinakothek. Tunda kana Jamus ka daure ka je.

Ustazu Ƙarami:
Ni fa ban gane ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana 'yan giya da 'yan caca da masu doke-doke, me za mu ƙaru da shi? Ga kuma maganar zana mai rai da malamai suka yi bayani a kai. Gidan nan na ilimi ne.

Baban Ilham:
Allah ya gafarta Malam, ba cewa muka yi a rataye shi a falo ba. Tarihi muke tattaunawa. Makon jiya kwana uku muka yi a kan Napoleon, ba wanda ya ce mu yi koyi da shi.

Ustazu Ƙarami:
To shi kenan, na dai faɗi nawa. Ina karantawa daga gefe.

Ɗan Wanzam:
Baban Ilham, ka ga wasu guda biyu nasa a gidan, na wanzamin ƙauye? Ɗaya ana yi wa mutum aiki a baya, ɗaya a ƙafa. Ni a waya na gan su shekarun baya, kuma su suka sa na riƙe sunan mutumin nan. A na bayan, majinyacin ya zame riga daga kafaɗa, ya juyo fuskarsa gare mu ya yamutse ta, shi kuwa wanzamin ko a jikinsa, hankalinsa na kan wuƙarsa. Ga wata tsohuwa a gefe tana leƙe. Na girma ina riƙe wa babanmu zabira, na ga an yi ƙaho ya fi a ƙirga, kuma abin da mutumin nan ya kama daidai ba zafin ba ne, kowa zai iya zana mai ihu. Natsuwar mai aikin ce. Babanmu in yana tsaga, ko gobara ake yi ba ya ɗaga kai. Wanda ya zana wannan ya zauna ya kalla da idonsa, ba labari aka ba shi ba.

Baban Ilham:
Na gan su, suna kusa da juna. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa fuskar ce sana'arsa.

Bakatsine:
Ku dakata da yabon tukuna. Tambayata ita ce, wa ke sayen waɗannan hotunan? Manomin da aka zana yana amai a bayan mashaya ba shi da kuɗin sayen hoto. Attajiran Antwerp da Amsterdam ne ke saye, su rataye a ɗaki, su da baƙinsu su ci su ƙoshi su riƙa nuna talaka suna dariya. Tun zamanin mai zane Pieter Bruegel Babba, wanda ya rasu a 1569, mutanen birni a can ke son hoton baƙauye yana shirme. A wajena Brouwer dillalin wulaƙancin talaka ne. Ya fito daga cikinsu, ya san sirrinsu, ya kai kasuwa ya sayar.

Malama Mai Alli:
Bakatsine, rabin maganarka gaskiya ce. Masu kuɗi ne ke saye, kuma a al'adar zanen lokacin irin wannan hoton yana ɗauke da gargaɗi: ga abin da haɗama da fushi da maye ke mayar da mutum. Wasu hotunansa ma ana ganin jeri ne a kan gaɓoɓin ji guda biyar, wato gani, ji, shaƙa, ɗanɗano da taɓawa. Maganin Baban Ilham ɗanɗano ke nan, aikin wanzami kuma taɓawa.

Amma ga inda na rabu da kai. Akwai hotonsa da ke gidan Metropolitan a New York, na masu shan taba, wanda ya yi wajen 1636. Mutumin da ke tsakiya, ya zaro ido, ya buɗe baki hayaƙi na tuɗaɗowa, ga kofin giya a hannu, Brouwer ne da kansa. Waɗanda ke kewaye da shi kuma abokan sana'arsa ne, masana sun ce akwai Jan Lievens da Jan Cossiers da Joos van Craesbeeck, sai Jan Davidsz de Heem a dama cikin baƙaƙen kaya tsaf-tsaf. Ɗaya daga cikinsu ma ya toshe hanci ɗaya da yatsa yana fitar da hayaƙi ta ɗayan. A zamanin da masu zane ke zana kansu da kayan alfarma don a ɗauke su manyan mutane, shi ya zaunar da kansa a kan bencin da yake zaunar da manoma. An ce wanzami ba ya son jarfa, to wannan ya yi wa kansa.

Bakatsine:
Ko kuma talla ce, Malama. Ya gane cewa sunan "ɗan iska mai baiwa" yana sayar da kaya. Mawaƙa nawa muka gani suna wannan wasan?

Malama Mai Alli:
Wannan kam ba zan musa ba. Amma ka lura, in talla ce to ka yarda ke nan da cewa mai lissafi ne, ba bugaggen da aka ce ba ya sanin inda kansa yake ba.

Na Damagaram:
Salamu alaikum. Ni abin da na taɓa karantawa a kansa da Faransanci wani labari ne mai ban dariya. Wai ya saba yawo da tsummokara ba mai gayyatarsa ko'ina. Da ya samu kuɗi ya ɗinka kaya masu tsada, nan da nan aka gayyace shi biki. Ana cikin cin abinci sai ya ɗebo ya shafe rigar da shi, ya ce ai rigar aka gayyata ba shi ba, gara ta ci rabonta. Da na karanta sai na ce kai, wannan ai labarin Juha ne da malaminmu na Larabci yake ba mu muna yara, wanda ya tsoma hannun rigarsa a miya ya ce ci, rigata. Yaya aka yi labari ɗaya ya zama na mutum biyu?

Malama Mai Alli:
Allah ya yi maka albarka Na Damagaram, ka kawo mu gindin maganar. Irin wannan labarin yawo yake yi daga ƙasa zuwa ƙasa, duk wanda ya yi suna da barkwanci sai a rataya masa. Yawancin abin da ake faɗa a kan halin Brouwer daga tsoffin marubutan tarihin masu zane ya fito, musamman Arnold Houbraken. Shi kuwa Houbraken an haife shi a 1660, shekara 22 bayan an binne Brouwer, littafinsa kuma ya fito tsakanin 1718 da 1721. Shekara tamanin ke nan a tsakani. Shi ne ya baza labarin cewa mai zane Frans Hals na Haarlem ya ɗauke shi almajiri, ya ɓoye shi a ɗakin sama yana zane, yana sayar da hotunan da tsada yana barin yaron da yunwa. Labari mai daɗi, amma ba a samu takarda ko ɗaya da ta nuna ya yi almajiranci a wajen Hals ba.

Marubutan nan suna da wata ɗabi'a: su kalli hoton mutum su ƙera masa hali daga ciki. Ka zana waliyyai, kai salihi ne. Ka zana mashaya, kai mashayi ne.

Abin da takardu suka nuna kuwa daban ne. A Haarlem a 1626 ya shiga De Wijngaertranken, ƙungiyar masu rubuta waƙa da shirya wasan kwaikwayo. A Antwerp ma ya shiga irinta mai suna De Violieren. A 1634 ya kama ɗaki a gidan Paulus Pontius, gwanin da ke sassaƙa zanen Rubens, babban mai zanen Antwerp, a kan farantin tagulla don a buga a takarda. Anthony van Dyck ya zana shi ya sa shi cikin jerin hotunan mashahuran mutanen zamanin, da shiga ta mutunci. Waɗannan ba mutanen da za su jawo tantirin ɗan tasha jikinsu ba ne.

Uwar Biyu:
Malama ki yi haƙuri, amma kina wanke shi da yawa. Ruwa ba ya tsami banza. Bashin fa? Gidan yarin fa? Ni na auri mai baiwa na sani, mutum zai iya zama da manyan mutane da rana, da dare kuma a ɗauko shi a kwata. Ba sai ɗayan ya kore ɗayan ba.

Malama Mai Alli:
Hajiya, kin kama ni. Bashin gaskiya ne, yana cikin takardu. Ban ce bai sha ba, a ƙasar da giya ta zama abin sha na kullum ga babba da yaro. Cewa na yi hannun da ya yi waɗannan hotunan ba ya rawa. Ƙananan hotuna ne, ana yin su da natsuwa, kuma in kin jera na farko da na ƙarshe za ki ga mutum ne da ke ƙara gogewa: na farkon launuka masu ƙarfi da mutane cunkus, na ƙarshen mutum ɗaya ko biyu ko uku cikin launin ƙasa da toka, an rage komai sai abin da ya zama dole.

Na Brussels:
Bari in sa baki a maganar kurkukun, tunda nan nake zaune. A 1633 ne aka tsare shi, kuma ba a gidan yarin gari ba, a ganuwar sojojin Sifen da ke Antwerp. Sai an san yanayin lokacin za a fahimta. Ƙasar a rabe take, ana yaƙin da aka fara a 1568 bai ƙare ba sai 1648. Arewa, inda Amsterdam da Haarlem suke, ta ɓalle daga Sarkin Sifen. Kudu, inda Antwerp take, tana hannunsa tun da garin ya faɗi a 1585. An yi sulhu na shekara goma sha biyu daga 1609, ya ƙare a 1621, aka koma fagen fama. To mutum ya shekara biyar ko shida a ƙasar abokan gaba, ya dawo da shigarsu da bakinsu. Shi ya sa wasu ke ganin zargin leƙen asiri ne ya kai shi, wasu kuma suka ce haraji ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya fito daga zaman. A ganuwar akwai mai gasa wa sojoji burodi, Joos van Craesbeeck, wanda Malama ta ambata a hoton masu taba. Suka ƙulla abota, mai burodi ya koyi zane, ya zama mai zane na sosai har ƙungiyar Antwerp ta karɓe shi. Yau hotunansa na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai. Fursuna ya shiga, ya fito da almajiri.

Ɗan Wanzam:
Ikon Allah. Daga tanda zuwa buroshi.

Bakatsine:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya amsa min: talakan da ke cikin hoton, an mutunta shi ko an tozarta shi?

Na Brussels:
Ɗan'uwa, ka gwada shi da David Teniers Ƙarami sai ka samu amsarka, ko aƙalla rabinta. Teniers ɗan Antwerp ne, an haife shi a 1610, kuma hotunansa na farko sawun Brouwer suka bi sak: ɗaki mai duhu, masu taba, masu karta. Sai dai shi ya san hanyar sama. A 1637 ya auri Anna, 'yar Jan Brueghel Babba, wato jikar Bruegel ɗin da ka ambata. Wajen 1651 ya zama mai zanen fadar Leopold Wilhelm, gwamnan da ke mulkin ƙasar a nan Brussels, kuma mai kula da taskar zanensa. Ya sayi gidan gona a Perk, ya yi ta neman a sa shi cikin masu jinin sarauta, shi ne kuma ya tsaya aka kafa makarantar koyon zane ta Antwerp a 1663. Ya rasu a 1690 yana dab da tamanin.

Yanzu kalli manoman Teniers bayan ya shiga fada. Sun yi wanka. Suna rawa a filin ƙauye cikin hasken rana, kowa ƙoshe, kowa na murmushi, sau da yawa ma ga mai gida da uwargida cikin kayan alfarma sun zo kallo daga gefe. Wannan shi ne talakan da mai mulki ke son gani, wanda ba ya jin yunwa ba ya jin haushi, a ƙasar da sojoji suka shekara tamanin suna tattake gonaki. Na Brouwer kuwa haƙoransa sun zube, yana fushi har ya fasa wa ɗan'uwansa tulu a ka saboda karta, yana jin zafi in an tsaga shi. Wanne ne ya fi raina shi? Ni a ganina wanda ya share masa hawaye da fenti.

Bakatsine:
Hmm. Wannan ta shige ni, amma ban sallama duka ba. Wanda ya zana ka kana murmushin ƙarya da wanda ya zana ka kana fitsari a lungu, duka biyun ba su tambaye ka ba, kuma duka biyun ba kai ka ci kuɗin ba.

Uwar Biyu:
Shi ma Brouwer ɗin ai bai ci ba, Bakatsine. Ka manta da bashi ya tafi?

Malama Mai Alli:
Ga wani abu kan masu sayen da zai ba ku mamaki. Lokacin da Rubens ya rasu a 1640, aka lissafa kayansa, an samu hotunan Brouwer guda 17. Rubens fa, mai zana wa sarakunan Sifen da Ingila da Faransa, jakada, mai katafaren gida a Antwerp. A Amsterdam kuma, da shahararren mai zane Rembrandt ya karye a 1656 aka rubuta kayansa don biyan bashi, akwai ayyukan Brouwer a ciki. Waɗannan biyun ba don su yi wa baƙauye dariya suka tara su ba, suna da abin dariya a wani wurin. Maƙeri ne ya ga aikin maƙeri. Suna kallon yadda yake kama fuska a daidai ƙiftawar da ɗaci ko zafi ko fushi ya sauka a kanta, abin da ba ya tsayawa balle ka ce wa mutum ya riƙe maka shi ka zana.

Kuma ba mashaya kaɗai ya zana ba. A shekarunsa na ƙarshe ya yi 'yan hotunan fili. Akwai ɗaya a Berlin, tuddan yashi a bakin teku da dare, farin wata na haskawa, 'yan mutane ƙanana tsaye cikin duhu. Shiru ne kawai a cikinsa. Duk lokacin da na nuna wa ɗalibai ba tare da suna ba, ba wanda ke cewa mai hoton maganin ne.

Ustazu Ƙarami:
Wannan na filin na nemo na gani yanzu. Ba laifi, yana da kyau. Da irinsa ya yi ta yi.

Baban Ilham:
Malam ya sauko daga gefe ke nan. To mutuwarsa fa? Giyar ce ta kashe shi kamar yadda na karanta?

Na Brussels:
Tsoffin marubutan sun ɗora wa shaye-shaye, wasu kuma suka ce annoba ce, don tana yawan faɗa wa garuruwan yankin a shekarun. Abin da aka tabbatar shi ne da farko a kabarin gama-gari aka sa shi, irin na marasa galihu. Da abokan sana'arsa suka farga sai suka sa aka tono shi, ranar 1 ga Fabrairu 1638 aka sake binne shi da girmamawa a cocin 'yan ɗariƙar Karmel da ke Antwerp.

Garinsu kuwa bai bar shi ya huta ba. A 2018 gidan tarihin Oudenaarde ya aro hotunansa daga ƙasashe daban-daban aka yi babban baje koli. Sannan akwai giyar da ake yi a yankin mai ɗauke da sunansa, har da bikin giya na shekara-shekara da sunan nasa. Wato masana na ta ƙoƙarin cire masa tambarin mashayi, 'yan garinsu na manna shi a kwalba.

Uwar Biyu:
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Malama. 'Yan garinsu sun goyi bayana.

Malama Mai Alli:
Hajiya, 'yan garinsu ciniki suke yi. Yana ɗan shekara goma sha shida ya bar musu garin.

Ɗan Wanzam:
Baban Ilham, in ka koma don Allah ka ɗauko min hoton na ƙafar daga kusa, wajen hannun wanzamin. Ina so in nuna wa babanmu, in ji ko zai ce riƙon wuƙar daidai ne. A waya ta ba ya fitowa sosai.

Baban Ilham:
In sha Allahu ranar Lahadi, in mai gadin nan bai gane ni ba.